Nauyin Ra'ayin Mai Kallo a Talabijin ɗin Birtaniya

A Birtaniya, shirin talabijin yakan ƙare amma zancensa ya ci gaba. Washegari ana tattauna shi a wurin aiki, jaridu su yi masa sharhi, kafofin sada zumunta su ɗauka, wani lokaci maganar ta kai har zauren majalisar dokoki. Ƙasar ta daɗe da tanadar hanyoyin da ra'ayin mai kallo zai bi ya isa kunnen masu tashoshi, kuma hakan na da nasaba da kuɗi. Duk gidan da ke kallon tashoshi kai tsaye, ko yake amfani da manhajar BBC iPlayer, doka ta wajabta masa biyan kuɗin lasisi duk shekara, wanda a watan Afrilun 2025 ya kai fam 174 da rabi. Da wannan kuɗi BBC ke rayuwa, shi ya sa tashoshinta na cikin gida ba sa saka talla. Mutumin da ake cirar kuɗi daga aljihunsa kuwa, da wuya a hana shi faɗin albarkacin bakinsa.

Kafin a kai ga abin da mutane ke faɗa, akwai abin da suke yi, kuma ƙirga shi ake yi. Tun 1981 wata hukuma mai suna Barb ke auna yawan masu kallo a madadin tashoshi da masu talla. Takan zaɓi dubban gidaje da ke wakiltar ƙasar baki ɗaya, masu kuɗi da talakawa, birni da ƙauye, tsofaffi da matasa, ta saka musu na'ura a jikin akwatin talabijin. Duk wanda ya zauna kallo sai ya danna maɓallinsa, in ya tashi ya sake dannawa. Da safe alƙaluman daren jiya sun isa teburin shugabannin tashoshi, kuma a kansu ne ake yanke wa shiri hukunci, a ci gaba da shi ko a soke shi.

Akwai wani ma'auni da ya fi wannan ban sha'awa, wato butar shayi ta lantarki. Mutanen Birtaniya mashaya shayi ne, kuma da zarar shiri mai farin jini ya ƙare, miliyoyin gidaje kan tashi a lokaci guda su ɗora ruwan zafi. Injiniyoyin da ke kula da rarraba wutar lantarki sun daɗe suna bibiyar jadawalin talabijin domin su san daƙiƙar da buƙata za ta yi tsalle. A watan Yulin 1990, bayan bugun fenaretin da Jamus ta Yamma ta fitar da Ingila da shi a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya, buƙatar wuta ta ƙaru da megawat 2,800 cikin ƙiftawar ido.

Irin wannan taron dangi a gaban akwati ɗaya ya yi ƙaranci yanzu. A ranar Kirsimetin 1986, lokacin da tashoshi huɗu ne kacal a ƙasar, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 30 sun kalli wasan EastEnders, idan aka haɗa da maimaicinsa. A yau shirin da ya tara miliyan 5 a dare guda ya yi abin a yaba. Shi ya sa aka yi ta murna lokacin da kashin ƙarshe na wasan barkwanci Gavin & Stacey ya tara sama da mutum miliyan 12 a daren Kirsimetin 2024, adadin da ya haura miliyan 19 bayan mako guda da aka haɗa da masu kallo ta intanet.

Shirin da ya fi dawo da wannan al'ada a 'yan shekarun nan shi ne The Traitors, wanda BBC ta fara nunawa a ƙarshen 2022 bayan ta aro tsarinsa daga Holan. Ana tara mutane sama da ashirin a wata tsohuwar fada da ke tsaunukan Sikotland, mai gabatarwa Claudia Winkleman ta zaɓi kaɗan daga cikinsu a asirce su zama maciya amana. Kowane dare waɗannan kan fitar da mutum ɗaya daga gasar, sauran kuma su zauna a wani babban tebur su kaɗa ƙuri'ar korar wanda suke zargi. Daɗin shirin ga na gida shi ne ya san maciya amanar tun daga farko. Yana zaune yana ganin mutanen kirki suna korar ɗan uwansu mai gaskiya saboda ya cika shiru, ko saboda ya cika surutu, alhali maƙaryacin na gefe yana share hawaye tare da su. Yawancin abin da masu kallo ke faɗa a kansa ke nan: takaicin yadda jama'a ke bin yarima a sha kiɗa ba tare da hujja ba. Wasu sun ja hankali ga wani abu mai nauyi, cewa zargi kan yi saurin faɗawa kan baƙaƙen fata da sauran 'yan tsiraru, kuma jaridu sun ɗauki muhawarar. Da aka yi na shahararrun mutane a 2025, sama da miliyan 11 ne suka zauna a dare guda suka ga ɗan barkwanci Alan Carr, wanda maci amana ne tun farko, ya lashe gasar.

Ƙorafi kuwa yana da tsohon tarihi. Tun 1961 BBC ke da shirin Points of View, inda ake karanta wasiƙun masu kallo, na yabo da na zagi, a kan shirye-shiryenta. A 1964 wata malamar makaranta, Mary Whitehouse, ta fara gangamin tsaftace talabijin daga batsa da ashar, ta shafe kusan shekaru talatin tana zame wa shugabannin BBC ƙarfen ƙafa. Masu fasaha sun yi ta yi mata ba'a, amma ta koya wa ƙasar cewa ƙorafi in an tsara shi yana da ƙarfi. Akwai kuma ƙa'idar ƙarfe tara na dare: abin da bai dace da yara ba, ba a nuna shi kafin wannan lokaci, kuma har yau iyaye da ita suke kafa hujja. Tun daga ƙarshen 2003 hukumar Ofcom ce ke karɓar koke-koke a kan tashoshin kasuwa irin su ITV da Channel 4. A 2017 aka saka BBC ma a ƙarƙashinta, sai dai mai ƙorafi a kan BBC sai ya fara kai kukansa gare ta kafin ya wuce gaba.

Jerin shirye-shiryen da suka fi jawo koke yana nuna abin da ke taɓa zuciyar ƙasar. A 2007, kimanin mutum 45,000 suka kai ƙara kan yadda wasu 'yan gasar Celebrity Big Brother suka ci mutuncin 'yar fim ɗin Indiya Shilpa Shetty, Ofcom ta sami Channel 4 da laifi, ta tilasta mata karanta hukuncin a kan allo. A watan Maris na 2021, mai gabatar da shirin safe na ITV, Piers Morgan, ya ce bai yarda da abin da Meghan, matar Yarima Harry, ta faɗa a hirarta da Oprah Winfrey ba, har da batun tunanin kashe kanta. Koke sama da 57,000 suka shiga, Morgan ya bar shirin. Amma a watan Satumba Ofcom ta wanke tashar, ta ce abokan aikinsa sun ƙalubalance shi nan take, kuma hana shi faɗin ra'ayinsa tauye 'yancin magana ne. A wurin hukumar, yawan masu kuka ba shi ne hujja ba. Ƙa'idar da aka rubuta ake dubawa, ko mutum ɗaya ne ya kawo ƙarar ko dubu hamsin.

BBC ma ta sha nata. Da Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, ya rasu a watan Afrilun 2021, ta soke shirye-shiryen manyan tashoshinta biyu ta cika su da alhini, har da EastEnders da zagayen ƙarshe na gasar girki ta MasterChef. Koke sama da 109,000 suka zubo, mafi yawa a tarihinta. Abin dariyar shi ne, da ta buɗe shafi na musamman don sauƙaƙa wa masu ƙorafi, sai wasu suka yi ƙorafin cewa ta sauƙaƙa ƙorafi da yawa.

Misalin da ya fi bayyana iyakar wannan ma'auni shi ne na ƙungiyar rawa mai suna Diversity. A watan Satumbar 2020, a shirin Britain's Got Talent, suka yi wata rawa mai tuna kisan George Floyd a Amurka, inda aka nuna ɗan sanda ya danne wuyan jagoransu Ashley Banjo da gwiwa. Sama da mutum 24,000 suka kai ƙara, yawancinsu suna cewa an cusa siyasa cikin shirin nishaɗin iyali. Ofcom ta ƙi buɗe bincike, ta ce saƙon rawar kira ne ga haɗin kai. Bayan watanni tara, wannan rawar dai ita ta lashe lambar yabo ta Bafta ta abin kallon shekara, lambar da jama'a ne ke kaɗa ƙuri'arta. Masu ƙorafi masu kallo ne, masu ƙuri'a ma masu kallo ne. Adadin koke yana auna zafin fushi da iya gangami a intanet. Bai cika nuna abin da akasarin mutane ke tunani ba, domin wanda shiri ya gamsar ba ya cike fom.

Channel 4 ta gano cewa ra'ayin mai kallo shi kansa abin kallo ne. A 2013 ta fara Gogglebox, shirin da ba komai a cikinsa sai iyalai da abokai zaune a falonsu, kyamara na ɗaukarsu suna kallon shirye-shiryen mako suna tofa albarkacin bakinsu. Wani na cin biskit yana zagin ɗan siyasa, wata ta rufe fuska da matashin kujera, wasu ma'aurata na gardama kan wanda ya fara yin gyangyaɗi. Kamar majalisar hira ce ta ƙofar gida bayan isha'i, sai dai miliyoyi na saurare. Da aka fara an zaci shirme ne, amma ya shekara fiye da goma, kuma 'yan siyasa sun san cewa tsakin da wata kaka za ta ja a can yana iya fin sharhin jarida ciwo.

Ra'ayi kuma yana sauyawa da wuri da zamani. Wasan barkwanci Mind Your Language, wanda aka fara a 1977 kan wani malami da ke koya wa baƙi Turanci, masu kallo da yawa a Najeriya har yau suna tuna shi da dariya. A Birtaniya kuwa an dakatar da shi a 1979 duk da farin jininsa, saboda ana ganin yana mayar da baƙi abin ba'a. Michael Grade, jami'in da ya dakatar da shi, shi ne ya zama shugaban Ofcom a 2022.

Akwai lokutan da ra'ayin masu kallo ya wuce yabo da suka, ya motsa gwamnati. Wasan Cathy Come Home na 1966, wanda Ken Loach ya ba da umarni, ya sa rashin matsuguni ya zama maganar ƙasa. A 1998, da aka ɗaure Deirdre, wata mata ta cikin wasan Coronation Street, bisa laifin da ba ta aikata ba, jaridu suka yi gangamin a sake ta, har ofishin Firaminista Tony Blair ya sa baki cikin raha. Amma babu wanda ya kai abin da ya faru a farkon 2024.

Daga 1 zuwa 4 ga Janairun shekarar, ITV ta nuna wasa mai kashi huɗu, Mr Bates vs The Post Office. Labarin gaskiya ne. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta kawo manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya ƙera, ta saka a ƙananan rassanta da ke ƙauyuka da unguwanni. Manhajar na da kurakurai, takan nuna giɓin kuɗi inda babu. Yarjejeniyar aiki kuma ta ɗora wa mai riƙe da reshe alhakin cike duk wani giɓi daga aljihunsa. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum sama da 900 bisa zargin sata ko murɗiyar lissafi. Wasu sun tafi kurkuku, cikinsu har da mace mai juna biyu, wasu sun rasa gidajensu da mutuncinsu a garuruwan da kowa ya san kowa, wasu sun kashe kansu.

Babu wani sabon abu a cikin wannan. Mujallar Computer Weekly ta fallasa maganar tun 2009. A 2019 mutum 555 ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, wanda aka karɓe reshensa a arewacin Wales a 2003 saboda ya ƙi sa hannu kan lissafin da bai yarda da shi ba, suka yi nasara a babbar kotu. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a rana guda, kuma ana cikin binciken hukuma. Duk da haka jama'a ba su motsa ba, kuma zuwa lokacin da aka nuna wasan, waɗanda aka soke wa hukunci ba su kai ɗari ba.

Abin da wasan ya yi shi ne ya sa mutane suka gani da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Akwai wurin da Jo Hamilton, mai riƙe da reshen wani ƙauye, ke zaune da dare a gaban kwamfuta, wayar neman taimako a kunnenta. Ta bi umarnin da ake ba ta ɗaya bayan ɗaya, sai giɓin da ke kan allo ya ninka a gabanta. Kowane ɗaya daga cikin masu riƙe da rassan an gaya masa cewa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Shi ya sa wurin da ya fi sa mutane hawaye shi ne taron farko a zauren ƙauyen Fenny Compton, inda Bates ke jira bai san ko wani zai zo ba, sai motoci suka fara shigowa, kowa ya ga ashe ba shi kaɗai ba ne.

Cikin kwanaki, mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu kan takardar neman a karɓe lambar girma ta CBE daga tsohuwar shugabar hukumar, Paula Vennells. Ranar 9 ga Janairu ta ce za ta mayar. Washegari Firaminista Rishi Sunak ya sanar a majalisa cewa za a yi dokar wanke waɗanda aka hukunta gaba ɗaya, dokar da ta tabbata a watan Mayu, duk da ɗar-ɗar ɗin wasu masana shari'a kan majalisa ta soke hukuncin kotu. A watan Yuni aka ba Bates lambar Sir. Biyan diyya kuwa ya ci gaba da tafiyar hawainiya bayan fushin jama'a ya lafa, abin da ke nuna cewa masu kallo na iya tayar da gwamnati daga barci amma ba sa zama gadinta. ITV ma ta ce ta yi asarar kusan fam miliyan ɗaya a wasan, saboda labarin ya cika zama na cikin gida, kasuwar waje ba ta saye shi da tsada ba.

Shekara guda bayan haka sai ga Adolescence, wanda aka shirya a arewacin Ingila, Netflix ta fitar a watan Maris na 2025. Jack Thorne da Stephen Graham suka rubuta shi. Ya fara da 'yan sanda ɗauke da bindigogi suna fasa ƙofar wani gida da sassafe, suka kama Jamie, yaro ɗan shekara 13, bisa zargin kashe wata 'yar makarantarsu da wuƙa. Kowane kashi cikin huɗun an ɗauke shi ne a ɗauka guda ba tare da yankewa ba, don haka mai kallo ba shi da wurin numfasawa. Tun a kashin farko an nuna cewa yaron ya aikata. Tambayar ita ce me ya kai shi. Amsar da wasan ya nuna tana cikin ɗakin kwanansa, a wayarsa da kwamfutarsa, inda ake koya wa samari ƙin mata yayin da iyaye ke zaton ɗansu na cikin aminci tunda yana gida.

Shi ne shirin kamfanin intanet na farko da ya zo na ɗaya a jerin mako-mako na Barb, ya doke na BBC da ITV. Iyaye ne suka fi magana, kuma abin da suka fi maimaitawa shi ne tsoro: ba su san yaren da 'ya'yansu ke yi da ƙananan hotunan saƙo ba. Firaminista Keir Starmer ya ce ya kalla tare da 'ya'yansa, ya gayyaci masu shirin fadar gwamnati, Netflix kuma ta ba da shi kyauta ga makarantun sakandare. Yaron da ya fito a Jamie, Owen Cooper, ya ci lambar Emmy yana da shekara 15.

A nan ra'ayi ya rabu fiye da yadda ya rabu a kan wasan gidan waya, kuma da dalili. Wancan yana da hukuncin kotu a bayansa, wannan ƙagaggen labari ne, marubutansa ma sun ce bai dogara kan wani lamari guda ba. Starmer kansa ya yi tuntuɓen harshe a majalisa ya kira shi shirin gaskiya kafin ya gyara. Wasu malamai da masana sun yi gargaɗi cewa nuna shi a aji ba tare da ƙwararren jagora ba na iya sa samari su ji ana zarginsu a jumlace. Shugabar 'yan adawa Kemi Badenoch, da aka matsa mata a shirin safe na BBC kan rashin kallonsa, ta nuna cewa ba sai ta kalli wasan kwaikwayo ba kafin ta san matsalar. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: wasa mai kyau yana sa a ji abu a jiki, amma ba ya faɗin yawan yaran da abin ya shafa ko maganin da zai yi aiki.

Nasarar Adolescence ta kuma fito da wani giɓi a tsarin. An gina Ofcom da ƙa'idar ƙarfe tara ne don tashoshi masu jadawali, alhali a Netflix babu ƙarfe tara, kuma shekaru da dama mai kallo a Birtaniya ba ya iya kai ƙarar shirinta ga hukumar kamar yadda zai kai na ITV. Dokar kafofin yaɗa labarai ta 2024 ta ba Ofcom ikon shimfiɗa wa manyan kamfanoni irin Netflix ƙa'idoji. A ɗaya ɓangaren, gidajen da ke biyan lasisi suna raguwa da dubban ɗaruruwa a shekara, sun sauko ƙasa da miliyan 24, matasa kuma sun fi ɓata lokaci a YouTube da TikTok. Yarjejeniyar masarauta da BBC ke aiki a ƙarƙashinta za ta ƙare a ƙarshen 2027, kuma batun ko lasisin zai ci gaba a yadda yake na cikin manyan abubuwan da gwamnati za ta yanke kafin a sabunta ta.